Kukan Gauraka a Gaban Anspekta

Har gobe ba zan manta da ranar da na zama tsuntsu a gaban mutane ba. Ina koyar da kimiyya a wata kwaleji a Dakoro, sai aka ce anspekta, mai duba aikin malamai, zai shiga ajina. Na sa babbar rigata ta sallah (wai don kwarjini).

Darasin kwatance ne: halittar da ke yaɗuwa tana ɓarna, da wadda ke ƙarewa. Na ɗauko misalin naman gwari, ciwon nan da ke cinye itace ta ciki, ka ga gawo tsaye lafiya lau, iska ta zo ta kayar da shi. Wannan kowa ya sani. Sai na ce ɗaya ɓangaren kuma gauraka ne. Yara suka yi tsuru-tsuru, ba wanda ya taɓa ganinsa.

Abin ya taɓa mini zuciya. Muna ƙanana, a tabkin ƙauyenmu wajen Birnin Lalle, kukan gauraki ke gaya mana damina ta zauna. Ina kewarsu ƙwarai, kuma na ƙi yarda yaran nan su fita ba su ji wannan kukan ba. Na manta da anspekta, na ware hannuwan riga, na ɗage ƙafa ɗaya, na miƙe wuya, na buɗe baki.

Ashe kukan ya gudu daga kaina ban sani ba. Abin da ya fito, ko bunsuru ba zai amsa nasa ne ba. Na sake gwadawa, ya fi na farko muni. Can wata yarinya ta ɗaga hannu cikin ladabi, ta kira ni yadda ɗalibai ke kiran malami da Faransanci, ta ce, "Mushe, shi ma ciwon itacen ne ya kama shi?"

Aji ya rushe da dariya. Anspekta ya dulmuya fuska cikin rawani, kafaɗunsa na rawa, ni kuwa ina nan tsaye da ƙafa ɗaya.

Da hutu ya zo na je gida, na roƙi Inna ta yi mini kukan. Ta gyara murya, ta buɗe baki, ta daɗe a haka, sannan ta rufe.

"Wallahi ɗan nan, ni ma ya ɓace mini."

Yanzu na koyi gwada kukan tsuntsu a ɗaka kafin in kai shi aji. Na gauraka dai har yau ina gwadawa, sai dai ko na dace, ban san wanda zai ce mini na yi daidai ba.