Nomau da Irin Attarugun Ubansa

A ƙarshen ƙauyen Fadamar Kanya, inda hanya ke gangarawa rafi, akwai wani gida mai rijiya a tsakiyarsa. Mutum biyu ne a ciki, Inna Tabawa da ɗanta Nomau, sai jaki guda da kaji masu yawan surutu. Maigidan, Malam Sallau, ya riga mu gidan gaskiya. Bai bar shanu ba, bai bar gona mai faɗi ba. Abin da ya bari wata 'yar gora ce cike da irin attarugu da ya gada wajen ubansa, attarugun da in aka jefa ɗaya a miya sai maƙwabta su san an ɗora tukunya a gidan.

Shi kuwa Nomau gemu ya riga ya fito masa, ga ƙarfi, ga zuciya fara fat. Aibinsa ɗaya ne: abin da aka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Mutanen gari suna ce masa wawa, amma ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, kuma masu kiransa wawan ba dukansu za a yi wa wannan shaida ba. An taɓa ba shi igiyar jaki ranar Juma'a aka ce kada ya saki, sai ga shi a sahun baya yana sujada, igiya ɗaure a hannu, jaki na tsaye a kansa yana kallon liman.

Wata rana Inna Tabawa ta sauko da gorar daga inda take rataye. Tun rasuwar Malam ba a shuka irin ba, domin yanar ido ta rufe mata gani, da ƙyar take bambance mutum da turmi. Ta girgiza gorar, ta ji ba nauyi. Ta shafa gindinta, sai yatsanta ya faɗa rami. Ashe ɓera ya daɗe yana biki a ciki. Abin da ya rage ko murfin kwalba ba zai cika ba. Ta zauna a ƙasa ta yi kuka sosai, sannan ta aika a kira ƙanenta Jatau, manomin rani ne, mai baki kamar reza. Kawu Jatau ya duba irin a tafin hannunsa ya ce, "Yaya, wannan ya yi kaɗan a watsa shi a fili. Sai dai a raine shi ɗaya-ɗaya a leda. In kuwa wannan ya lalace, attarugun Sallau sai dai labari." Nomau na gefe yana ji. Bai gane komai game da raino ba, amma ya gane cewa wannan ne ƙarshen abin da Baba ya bari.

Wata rana, ranar kasuwa, Inna ta ce, "Nomau, je ka, duk ledar fiya wata da ka gani ka kawo." Ya tsince na ƙasa tas, ya cika buhu. Can sai ya hango wani mai tallar tabarmi ya sha rabin ruwansa ya riƙe sauran. Nomau ya je ya tsaya kusa da shi. Mutumin ya matsa, Nomau ya matsa.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Ledar nake jira."

"To ai ban gama ba."

"Ba gaggawa," in ji Nomau.

Haka ya bi shi rumfa-rumfa, har bayan kasuwa inda bawan Allah ya je kama ruwa da ragowar. Nomau ya tsaya nesa kaɗan, ya juya baya saboda ladabi. Da mutumin ya gama ya jefo masa ledar tare da zagi, Nomau ya ce masa Allah ya saka da alheri.

Wata rana Kawu Jatau ya biyo ta gidan zai wuce fadama, ya ce, "Kai, ka huda gindin ledojin nan, ruwa ya sami hanyar fita." Ya faɗa ya wuce, bai ce huda nawa ba, bai ce a tsaya ba. Nomau ya ɗauko basilla ya zauna a inuwa. Da Kawu ya dawo da yamma, kowace leda ta koma rariya. Ya ɗaga guda ya leƙa Nomau ta cikin hudojin.

"Ɗan nan, gari za ka tankaɗe da su?"

"Ka ce ruwa ya sami hanya, Kawu. Na ga hanya ɗaya za ta yi masa kaɗan."

Kawu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce a zubar a nemo wasu. Inna ta ce a'a, ba za ta sake tura ɗanta kasuwa a zage shi ba, a yi da su haka.

Wata rana aka zo maganar ƙasa. Inna ta tuna Malam yana cewa ƙasa mai kyau baƙa ce, sai ta ce, "Ka cika ledojin da ƙasar da ta fi baƙi a gidan nan." Nomau bai yi wasa da aikin ba. Ya ɗebo ta bakin rijiya, ya ɗebo ta gindin darbejiya, ta bayan ɗaki, ta wajen turken jaki, ya jera su a faifai yana gwadawa. Babu wadda ta kama ƙafar ta ƙarƙashin akurki, inda kaji suka shekara da shekaru suna sauke nauyinsu. Ya kore kajin, ya kwashe ta, ya cika ledoji. Inna ba ta gani, ga shi a satin nan mura ta toshe mata hanci. Ta yi bismilla, ta dinga laluben bakin kowace leda tana tura ƙwaya ɗaya da yatsa. Da suka tsiro, ƙanana, ganye bibbiyu, Nomau ya kama hannunta ya ɗora a kansu. Rabon da ya ga Inna ta yi dariya irin ta ranar, tun Baba na da rai.

Wata rana akuyar maƙwabta ta leƙo, sai Inna ta ce, "Nomau, kada ka bar duk wani abu mai baki ya kusanci shukar nan." Ya ɗauko sanda ya kafa kujera. Ya kori akuya, ya kori kaji, ya kori ƙadangare. Da hantsi Kawu Jatau ya yi sallama, ya ce ya zo ya ga yadda dashen ke tafiya. Nomau ya gitta sanda.

"Kawu, tsaya nan."

"Saboda me?"

"Kana da baki."

"Don gidanku, ci zan yi?"

"Ban sani ba, Kawu. Inna dai ba ta cire ka ba."

Inna na barcin hantsi, ba ta ji ba. Kawu ya fita yana kumfar baki, ya rantse ba zai sake taka gidan ba sai an zo an ba shi haƙuri. A gari an sha dariyar wannan labari, amma a nan ɓarnar take, domin Kawu kaɗai ne zai kalli ƙasar nan sau ɗaya ya gane abin da ke cikinta.

Wata rana Nomau ya ga bakin ganyen ya fara yin ruwan ɗorawa. Kafin a jima tsinin kowane ganye ya bushe ya nannaɗe, kamar an gifta masa ashana. Ya kira Inna, ta taɓa, ta ji ganye na ƙaras-ƙaras a yatsanta. Gabanta ya faɗi. Da ta ji yadda aka yi da Jatau sai ta ce, "Je ka ba kawunka haƙuri, ka ce na cire shi daga masu baki." Kawu ya zo yana cika yana batsewa. Ya tsuguna, ya ɗebi ƙasar ya shinshina, sai fushin ya bar fuskarsa.

"Yaya, wannan ai kashin kaji ne zalla. Taki ya yi musu yawa, ya ƙone su tun daga saiwa. Jariri ne aka ɗura wa tuwon dawa."

"Ba abin da za a yi?"

"Sai haƙuri. Kwana kaɗan ne su ƙarasa."

Ba wanda ya zagi Nomau, kuma wannan ya fi yi masa ciwo. Ya tsaya da manyan hannuwansa a sake, ya ce, "Inna, ita ce ta fi baƙi. Na gwada duka." Ta ce, "Na sani, ɗana. Ni na faɗa." Ya koma gaban ledojin ya zauna, hawaye na bin gemunsa, ya ƙi cin abinci.

Washegari akwai suna a ƙauyen da ke tsallaken rafi, jikar aminiyar Inna ce, ba yadda za ta ƙi zuwa. Maƙwabciya ta zo za ta riƙe mata hannu. Inna ta ji Nomau na nan zaune inda ya kwana, tausayinsa ya kama ta. Don dai ta ba shi abin yi ya daina kuka, sai ta ce, "Tashi ka riƙa ba su ruwa har in dawo." A ranta kafin rana ta yi zafi tana gida. Amma wa ya taɓa zuwa gidan suna ya dawo da hantsi?

Nomau ya ɗauki guga. Ya ja ruwa ya bi ledojin ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a hankali ta cikin tafin hannunsa, kada ya karya su. Da ya kai ƙarshen layi ya dubi ƙofa, Inna ba ta dawo ba, sai ya koma farko. Ruwa na shiga ta sama yana fita ta hudojin nan nasa, baƙi ƙirin, mai wari. Rana ta take, yana zubawa. Da aka kira azahar ya rataye wani tsohon bokiti mai yoyo a reshen darbejiya saitin ledojin, don kada a ce ruwa ya tsaya yana salla. Ya sallame ya koma bakin rijiya. Igiya ta sale masa hannu, ya naɗe da tsumma ya ci gaba. Tsakar gida ta zama fadama, kaji suka haye katanga, jaki ya tsaya cikin taɓo yana kuka. Ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya fita titi, har ya kai labari wajen Kawu Jatau, ya zo da gudu yana tattare wando.

"Kai! Ka haukace ne? Ajiye gugan nan!"

"Inna ba ta dawo ba."

"Ni na ce ka bari!"

"Kawu, ba kai ka ce in fara ba."

Kawu ya yi tsaki ya tafi. Sai dab da magariba Inna ta shigo, ƙafarta ta nutse a taɓo har idon sawu. Nomau ya sauke guga ya ce, "Sannu da zuwa, Inna. Kin dawo, na bari." A lokacin ruwan da ke fita daga ledojin ya zama garau, kamar yadda ya fito daga rijiya. Inna ta lalubi hannunsa ta ji tsumma da danshin jini. Ta ce a ranta, jiya an ƙone su, yau an nutsar da su. Sai ta nemo man kaɗe ta shafa masa.

Ba a sake zuba musu ruwa ba, ba a kuma zubar da su ba, don babu mai zuciyar yin haka. Bayan 'yan kwanaki Nomau ya shigo ɗaki da gudu ya jawo Inna. Ya ɗora yatsanta a tsakiyar wata shuka, tsakanin ƙonannun ganye biyu. Wani abu ne ƙarami, mai laushi, mai sanyi. Sabon ganye ne. Wasu sun mutu, gaskiya ne, amma fiye da rabi sun farfaɗo. Kawu Jatau ya zo ya tona leda guda ya shinshina, ya daɗe yana sosa ƙeya.

"Ruwan nan ya wanke zafin takin ya fita da shi," in ji shi. "Da huda ɗaya ce kamar ta mutanen kirki, da sun ruɓe. Da kuma mai hankali ne, da guga biyu zai zuba ya tafi hira."

"To Kawu, na yi daidai ke nan?"

"Ka yi hauka, ɗan nan. Allah ya karɓa."

Kawu da kansa ya dasa su a bakin fadamarsa. Da attarugu ya nuna jawur, Inna ta sa aka zaɓo mata manya, ta shanya, ta ɓare irin, ta zuba a sabuwar gora, ta toshe bakin da tsumma. Wannan karon ba ta rataye ta ba. Ta kira Nomau ta danƙa masa.

"Ga irin ubanka. Ka riƙa shuka shi kowace shekara."

Nomau ya riga ya koyi tambaya. Ya ce, "Har yaushe, Inna?"

Kawu, da ke zaune a gefe, ya buɗe baki zai yi zolaya, ta ɗaga masa hannu. Yanzu ta san nauyin maganar da ake faɗa wa Nomau.

"Har sai na ce ka bari."

Inna Tabawa ta daɗe da rasuwa, kuma har ta koma ga Allah ba ta ce ba. Gemun Nomau ya yi fari yanzu. In ka bi ta Fadamar Kanya da rani za ka same shi a gindin darbejiya da basilla a hannu, yana huda leda.