Hoton Sabiru Ya Faɗi Zaɓe

Jiya tun da hantsi na jera babur ɗina a layin mai, ban kai gaba ba sai da aka kira la'asar. Ina isa, mai zuba man ya rataye tiyo ya ce ya ƙare, ya bi ni da addu'ar Allah ya kai mu gobe. Na yi godiya, don addu'a kaɗai ake ba talaka ba layi. Ina turo babur gida sai na tarar da akuyar maƙwabcina Mati ta ɗora ƙafafu a bango tana cin fosta. Na matsa in kore ta, ashe fuskar Sabiru take ci. To, na dai ce fuskarsa ne saboda sunansa aka rubuta a ƙasa.

Ga wanda bai zauna unguwarmu a nan Daura ba, Sabiru mai gyaran famfon tuƙa-tuƙa ne. Ubansa ɗan ga-ruwa ne har ya koma ga Allah, uwarsa Iya Barakatu kuwa da dakan fura ta raine shi da ƙannensa. Duk famfon da manya suka buɗe da kiɗa da jawabi ya mutu kafin a kwashe rumfa, Sabiru ke tada shi. Shi ne ya riƙa jan matan unguwa da bokitansu wayam zuwa ƙofar manya, har ta kai ana hango kekensa sai a ce Oga ya yi tafiya. Matan nan ne suka matsa masa ya nemi kansila, don sun gaji da zuwa ɗibar ruwa har bakin hanyar Baure.

Da jam'iyya ta ga yana da jama'a, sai Mai Girma Alhaji Sai-Bayan-Zaɓe, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, ya ce za a taimaka masa, wai ɗan takara ba ya fita da riga mai baƙin mai. Aka aro masa babbar riga, aka kai hoton Kano, mai kwamfuta ya yi aikinsa. Ya cike masa kumatu, ya wanke shi ya yi fari tas, ya toshe wushiryarsa, har tabon da sifana ta yi masa a goshi ya share. Da Iya Barakatu ta ga fostar, sai ta tambaya ko wannan ne zai kara da ɗanta.

Ranar fid da gwani ƙato-bayan-ƙato aka yi: kowa ya tsaya bayan ɗan takararsa, ko bayan hotonsa in bai iso ba, a ƙirga. Sabiru bai iso ba. Da safe aka aiko famfon wani ƙauye ya tsaya, ga mutane ga shanu, ya hau keke ya ce yanzu zai dawo.

Matan suka cika filin. Suka duba gabas, ga wani alhaji mai kumatu a jikin sanda. Suka duba yamma, ga hoton abokin karawarsa, ɗan ƙanwar Mai Girma, shi ma mai kwamfutar nan ya yi shi, sai ka ce 'yan biyu. Suka ce ba su ga nasu ba, suka koma gindin dalbejiya suka zauna. Mati ya je ya nuna musu suna da yatsa.

"Ni na haife shi, Mati," in ji Iya Barakatu. "Takarda ce za ta nuna mini ɗana?"

Can sai ga Sabiru, riga duk laka, sifana a aljihu. Matan suka miƙe suka jeru bayansa, layi har ya fita filin. Na ga idonsa ya kawo ruwa, nawa ma ya kawo. Mai ƙirga ya dubi fosta, ya dubi Sabiru, ya sake duban fosta.

"Malam, kai kuma daga ina? Ɗan takararmu ga shi can a sanda. Mai son sa ya tsaya bayansa."

Kafin Sabiru ya gama rantsuwar cewa shi ne shi, an ƙirga na bayan sanda: ni, da Mati, da mai riƙe sandar. Aka ce ɗan ƙanwar Mai Girma ya ci, aka tafa, aka yaba da tsaftar zaɓe. Washegari matan suka ɗauki bokitai suka nufi hanyar Baure, kuma wallahi abin ya yi mini ciwo.

Makon nan famfon gidan ɗan ƙanwar ya tsaya, ya aika a kira masa Sabiru. Ikon Allah, ɗan aiken bai tafi da hoto ba, amma cikin cunkoson kasuwa ya gane shi daga nesa. Mati ya ce ya aika musu da fosta ta gyara. Sabiru ya ce akwai ƙananan yara a gidan, ya ɗauki sifana ya tafi.

Akuyar Mati kuwa, na fasa korar ta, na bar ta ta ƙarasa har hula. A duk unguwarmu ita kaɗai ta ci wani abu a siyasar bana.