Rasuwar Sarkin Sanyi, Wanda Ya Tare Mini Sanda

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da goshi mai ɗinki uku, ni Nu'uman tela na nan cikin garin Daura nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta da duk wanda ya taɓa miƙo kofi a zaurena, rasuwar injinmu na niƙa ƙanƙara, wanda aka fi sani da Sarkin Sanyi. Ya rasu ranar Alhamis, kashegarin ƙaramar Sallah, bayan la'asar. Bai yi jinya ba. Kashe shi aka yi a gaban mutum goma sha ɗaya, kuma wanda ya kashe shi ciki ɗaya muka fito.

Marigayin ya shigo ta bodar Kongolam shekara uku da suka wuce, a bayan babur, naɗe cikin bargo. Ba zan yi masa ƙarya don ya mutu ba, ba mai sanyin hali ba ne. Ka jefa masa ƙanƙara mai taurin dutse, ka danna, sai ka ji gurrr, ƙaras, ƙaras, yana tauna ta yadda kura ke tauna ƙashi. Kankana, mangwaro, zoɓo, fura da nono, babu wanda ya shiga cikinsa ya fito da kamanninsa. Ya taɓa lanƙwasa cokalin da matata Murjanatu ta manta a ciki, bai ko yi tari ba. Amma abin da yake zubowa, laushi ne da sanyi har cikin kai. A azumin bazara, mutanen da ba su taɓa yi mini sannu da aiki ba sun tuna cewa kakanninmu abokai ne.

Ga yadda ajali ya same shi. Yayana Dabo, mai sayar da dabbobi a kasuwar Mai'adua, shekara huɗu bai taka gidana ba. Tun da aka raba gonar mahaifinmu muke rigima a kan wata tsamiya da ke bakin iyaka. Shi ya ce saiwarta a nasa take, ni na ce inuwarta a nawa take faɗawa. Mahaifiyarmu, Inna Adama, ta yi kuka ta gaji, ta ce ba ta son komai kafin ta bar duniya sai ta gan mu a tabarma ɗaya. Duk azumin nan ita ke aika masa da aikin marigayin a cikin kula, har zuciyarsa ta ɗan sauka. Ranar Alhamis sai ga shi ya yi sallama, da farar riga, da sandar nan tasa da ba ya rabuwa da ita.

Akwai kankana a gidan. Akwai zoɓo. Amma na zaɓi in fara ba shi tsamiya, kuma na san abin da nake yi. Ya sha kofi biyu, ya goge baki, ya ce, “Kai, wannan tsamiyar ta yi.” Inna tana murmushi. Da na ce madalla, da yanzu muna zumunci. Sai na ce, “Ai ta gonata ce, Yaya, ta bakin iyaka.” Baki shi ke yanka wuya.

“Gonar wa?” in ji shi, ya miƙe.

Lokacin marigayin yana kan aiki, cikinsa cike da zoɓo. Kofi ya fara zuwa, ya wuce kunnena ya fashe a bango. Da na ga sanda ta tashi sama, ban san lokacin da na sungumi Sarkin Sanyi na kare kaina da shi ba. Mutane suna cewa ya fanshe ni da ransa. Gaskiya ita ce ba a nemi shawararsa ba. Duka na farko ya tarwatsa tulun gilashin, wani ɓangare ya tsaga mini goshi. Na biyu ya sauka a kan gindinsa, ya yi ƙiii, ya yi hayaƙi, ya yi shiru. Wuƙarsa ta yi tsalle ta kafe a ƙyauren zaure, har yau tana nan. Zoɓo ya wanke bango da tabarma da babbar rigata ta Sallah, ja wur, kamar an yanka rago a jikina.

Inna ta ɗora hannu a ka, ta kurma ihu, “Dabo, ka kashe ɗan'uwanka!” Ya dube ni, ya dubi hannunsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da muka binne Baba. Ya saki sandar, ya fita da gudu da takalmi ƙafa ɗaya. An je an gaya masa zoɓo ne, jinin kaɗan ne, amma har yau bai fita kasuwa ba. Inna kuwa ta juya fuska bango, ba ta amsa gaisuwata, abinci ma sai an yi da ita.

Marigayin ya bar murfi ɗaya, kofuna bakwai daga cikin goma sha biyu, kula babba, da ƙaramin janareto wanda yanzu ba shi da wanda zai yi wa ihu. Ya kuma bar abokan arziki da yawa, waɗanda tun ranar Juma'a ban sake ganin ƙeyarsu ba.

Masu zuga sun ce in kai ƙara gaban alƙali. Na tambayi Malam Zailani na unguwarmu, ya ce magada suna da zaɓi uku, ƙisasi ko diyya ko yafewa, amma wannan hukuncin mutane ne, in daina wasa da shi. Duk da haka na yi tunanin ƙisasi. Kwana biyu ina hango taɓarya a kan fitilar babur ɗin Yaya, kuma na ji daɗin hangen. Sai na tuna shi ya ɗaga sanda, amma ni na jiƙa tsamiya.

Ba za a yi wa marigayin salla ba, Malam ya ce kada in kuskura. Gobe da hantsi za a miƙa gawarsa ga mai sayen gwangwan, ban da murfin. Za a yi zaman makoki kwana uku a zaurena. Ruwan randa za a sha, babu ƙanƙara, kuma duk wanda ya ambaci iyakar gona zai fita.

A garin nan ko maƙiyi ba ya ƙin zuwa ta'aziyya, shi ya sa na rubuta wannan. Yaya Dabo, takalminka yana bakin ƙofa, sandarka na ba Murjanatu ta ɓoye. Tsamiyar na bar maka, saiwa da inuwa. Inna ta ce za ta fito zaure in ka zo. Tabarma ɗaya na shimfiɗa.