Gorarmu da Faifan Ranka-ya-daɗe

Jama'a, yau a tsaye nake rubuta muku wannan shafi, don cinyoyina sun ƙi yarda da kujera. Da hantsi wasu samari uku masu kaki suka shigo gidan hayarmu da ke bayan tashar Ikara, suka tambayi wanda ya kafa gora a tsakar gida. Ban gama buɗe baki ba maƙwabta suka juyo suna kallona, kamar an ce ga ango. Tsallen kwaɗo goma sha biyar aka sa ni, kunnuwana a hannu, furfurata a waje, a gaban matata Uwaliya. Da aka gama sai babbansu ya ce, "Baba, ka gode wa gwamnati, yau sassauci muka yi." Na gode kuwa. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka.

Amma bari in faro muku daga tushe, kada ku ɗauka wani ɗan tawaye kuke karantawa.

Gidanmu ɗaki goma sha biyu ne, rijiya ɗaya, talabijin ɗaya. Talabijin ɗin na Malam Barnaba ne, malamin firamare da ya zo daga kudancin Kaduna tun ina saurayi. Baƙi da fari ce, da batirin mota take aiki, eriyarta kuma a kan wata doguwar gora daga Malikanchi. Da la'asar sakaliya a fito da ita kan turmin da aka kife, kowa ya jawo tabarma. In hoto ya fara yayyafi, wani ya je ya murɗa gorar yana kiran "Ya yi?", mu amsa "Koma kaɗan!" Da azumi Malam Barnaba da kansa yake kunna wa maƙwabcinmu Malam Gidaɗo tafsiri. Ranar Lahadi Malam Gidaɗo ya ja carbinsa gefe, a bar masu waƙar coci su sha iska. Ba wanda ya taɓa kafa mana kwamiti a kan haka.

Sai bara, daidai lokacin da ake ta yi mana wa'azin tsuke bakin aljihu, Allah ya jefo mana wani bawan Allah, Ranka-ya-daɗe Inuwar Masu Haya, Garkuwan Marasa Galihu, shugaban wani kwamiti na wayar da kan talakawa. Ya ce abin kunya ne a ce gari kamar namu yana kallon duniya ta bakin gora. Aka kawo faifan tauraron ɗan Adam, wanda yara ke kira dish, faɗinsa ya kai rumfar mai shayi. Ranar buɗe shi motoci ashirin da bakwai na ƙirga, a makon da jakin Malam Gidaɗo ya fi kowace mota a garin nan daraja saboda layin mai. An yanka raguna, an yi jawabi, an yanke ƙyalle. Mu dai ƙamshi muka samu, shi ma don iska ta biyo ta wajenmu ne.

Kashegari aka bi gidajen haya ana sauke gorori, wai suna ɓata kyan gari. Aka ja waya baƙa daga faifan zuwa kowane ɗaki. Masu ɗan hali suka sayi tsofaffin talabijin, kowa ya shige ɗaki ya ja labule. Tsakar gida ta koma ta awaki.

Abin da ba a faɗa mana a jawabi ba shi ne, akwatin da ke zaɓar tasha guda ɗaya ne tak, kuma yana falon Ranka-ya-daɗe. Abin da ya kalla, shi unguwa za ta kalla. In yana jin nishaɗi, mu wuni muna kallon ƙartin Turawa suna kokawa da ɗan kamfai. In barci ya kwashe shi a kan wata tasha, to mun shiga uku. Akwai satin da muka yi kwana huɗu muna kallon wani mutum yana soya kifi da wani yare. Uwaliya ta ce, "Malam, ni fa ba kifin ne ya dame ni ba, man da yake zubawa. Wannan ai na wata biyu ne." Malam Gidaɗo kuwa ya leƙa sau ɗaya, ya tarar ana iyo a bakin teku, ya yi salati, ya lulluɓe tasa talabijin da wani tsohon buzu. Har yau tana nan a lulluɓe. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Duk wannan da dariya muke ɗaukarsa, har jiya.

Malam Barnaba da matarsa Cecilia suna da ɗa guda, Ilisha, soja ne. An tura su kwantar da tarzoma wata ƙasa can bakin teku, wata goma sha huɗu ba wasiƙa, ba saƙo. Matar nan ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Jiya da safe rediyo ya ce wata bataliya ta sauka, kuma za a nuna su a labaran ƙarfe bakwai a tashar gida. Ba a faɗi sunaye ba. An dai ce ba duka suka dawo ba.

Maman Ilisha ta same ni bakin rijiya, ta ce, "Baban Hussaina, kai ne mai baki a gidan nan. Ka roƙar mini Alhaji ya juya mana tashar gida, ko na minti goma ne."

Na sa babbar riga, muka tafi gidan Ranka-ya-daɗe da Malam Barnaba. Maigadi ya tare mu a ƙofa. Bayan mun gaisa, mun tambayi gajiya da iyali da lafiyar Ranka-ya-daɗe, muka faɗi abin da ya kawo mu.

Ya ce, "Alhaji yana Kaduna, taro a kan ci gaban karkara."

Na ce, "To ko Hajiya za ta taimaka ta danna mana?"

Ya ce, "Falo a kulle yake. Makullin yana aljihunsa."

"Yaushe zai dawo?"

"In an gama ci gaban."

Muka dawo muka tarar da faifan gwamnati yana nuna wasu mutane suna sulu a kan ƙanƙara da sanduna biyu. Maman Ilisha ta zauna a ƙofar ɗakinta, ko kuka ba ta yi ba. Wallahi gara ta yi kukan.

A nan ne na aikata babban laifin da ya girgiza ƙasa. Na tuna gorarmu tana bayan gida, Uwaliya na shanya a kanta. Na kira Mamuda mai gyaran rediyo, ya zo da murfin tukunya da wayoyin ƙafar keke, ya ƙulla wani abu mai kama da tarkon ɓera, muka ɗaure a kan gorar. Aka fito da tsohuwar talabijin, aka kife turmi. Kafin a idar da sallar magariba labule goma sha biyu sun ɗage, har da mutanen gidan da ke fuskantar namu. Malam Gidaɗo ya shimfiɗa buzunsa kusa da Malam Barnaba, ya ce, "Malam, ka yi taka addu'ar, in yi tawa."

Ni ne mai riƙe da gora, don haka ban ga komai ba sai ƙeyar jama'a. Ina ta "Ya yi?", ana ta "Koma kaɗan!" Can sai muryar Maman Ilisha ta tsaga gidan: "Shi ne! Ga shi can na uku, mai jan ƙafa! Tafiyar ubansa ce!" Uwaliya ta rangaɗa guɗa. Malam Barnaba, mutumin da ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in zai tsawata wa ɗalibi, ya rungume Malam Gidaɗo yana kuka kamar yaro. Hoton bai fi ƙiftawar ido uku ba, ga yayyafi, amma uwa ba ta buƙatar faifai kafin ta gane ɗanta.

To kun ji abin da ya jawo mini baƙin safiyar yau. Sun tafi da gorar a matsayin shaida. Ilisha kuma ya aiko direban motar Zariya da saƙo cewa ranar Juma'a yana tafe, a dafa masa pate.

Ɗazu Mamuda yake gaya mini wai Ranka-ya-daɗe ya dawo da sabon albishir. Akwai wani abu da ya shigo Legas, sunansa intanet, wanda mutum zai aika wasiƙa Ingila ta isa kafin ya sauke hannu, kuma an sa gidajen hayar Ikara a sahun farko. Allah ya ja zamanin Garkuwa. Sai dai ina roƙon alfarma cikin ladabi: wannan karon a fara kai wa 'yan'uwanmu na garin Kudan. Mu mun sha alheri har ya ishe mu, kada a ce mun cika son kai.