Ladabin da Ya Kashe Majinyaci

Ni ke feɗe ragunan layyar unguwarmu a Gaya. Shi ya sa da ƙanwar matata ta kunna wasan kwamfuta na tiyata a talabijin ɗin gidansu a Ajingi, na karɓe abin sarrafa wasan da gadara. Yadda ka motsa hannu, haka wuƙar likita ke motsi a jikin majinyaci.

Ta ce, "Yaya, a hankali fa, ba rago ba ne."

Na ce wanda bai taɓa huda fatar layya ba, ba a koya masa natsuwa.

Na tsaga ƙirjin mutumin tsaf, sai ga sallamar surukina. Jikina bai nemi shawarata ba, na zube ƙasa da abin a hannu. Wuƙar ta biyo ni tun daga ƙirjin majinyacin har mara. Na'urar auna bugun zuciyarsa ta ɗau ƙara.

Baba ya daɗe yana kallon talabijin, sannan ya ce, "Allah ya jiƙansa. Ladabi ne ya kashe shi."

Na sha tambayar kaina: da mutumin gaske ne, zan iya ƙin durƙusawa? Ban sani ba.

Har yau in na je gaisuwa, kafin in sunkuya Baba zai ɗaga hannu: "Dakata, Likita. Me ka riƙe?"