Rafinmu Ya Ci Jarrabawa

Jama'a, jiya na kai farar taguwata rafi in ɗauraye, na dawo da ita ja wur kamar an tsoma ta a manja. Mai ɗakina Barira ta dube ni ta ce, "Malam, da tsufanka ka koma rini?"

Tun da masu haƙar ma'adinai suka kafa injina a kan tudu, ruwan wankin duwatsunsu ke gangarowa rafin da muke sha, mu da dabbobinmu, nan bayan garin Ruwan Bago. Kifi ya ƙare. Kwaɗi ma sun yi ƙaura ba sallama. Maƙwabcina Sulle awakinsa huɗu suka mutu cikin mako guda, albasarsa ta ƙone a tsaye.

Mun kai kuka tun bara. Sai makon shekaranjiya ga Mai Girma Sarkin Awon Ruwa, Allah ya ƙara wa ofishinsa sanyi, da motoci tara da mai ɗaukar hoto. Aka sauke na'urar gwaji, sabuwa fil a kwalinta. Sulle ya ɗebo ruwan rafi a ƙwarya ya miƙa.

"Kai, matsa da shi!" in ji wani mai babbar riga. "Ka san ƙasar da aka yo odar na'urar nan? So kake wannan ƙazanta ta lalata ta?"

Sai aka ɗauko ruwan gora daga mota aka tsiyaya mata. Ta kunna koriyar fitila, aka yi tafi. Mai Girma ya sanar cewa ruwan yankinmu ya ci jarrabawa.

Sulle ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba namu aka gwada ba."

"A ina aka yi gwajin?"

"A bakin rafi."

"To ka gani."

Na ce, "Yallaɓai, ko za ka ɗan kurɓa, a sa albarka?" Ya goge maiƙon kaza daga leɓensa, ya ce yana azumin nafila.

Kafin su tafi suka kafa allon ƙarfe a tsakiyar rafin, an rubuta INGANTACCEN RUWA. Matanmu kuwa har yau tafiyar awa guda suke yi su ɗebo na rijiya.

Cikin kwana goma ruwan ya cinye ƙafafun allon, ya kife. Na ji an kafa kwamitin kamo wanda ya sare shi. Ni dai na san mai laifin, amma tunda yana da takardar shaida, wane ni in ɓata masa suna?