Ganuwar Tunkuza

A Kalgo nake koyarwa lokacin da na yi wa 'yan aji huɗu alkawarin za mu gina tsohuwar ganuwar Gwandu a kan tebur, iyaye su zo su gani. Laka ta yi mini nisa. Sai na hango tunkuzar da maiɗakina za ta soya ƙuli-ƙuli da ita, ga laushi, ga launin ƙasa. Na kwashe ban ko tambaya ba, ina jin kaina sarkin magina.

Ban taɓa ganin yara sun so tarihi kamar ranar ba. Har mai barcin ajin ya roƙi a bar masa ƙofar gabas. Da muka gama, na fita tarbo hedimasta da iyaye, ina ta cika baki.

Muka shigo, tebur fes, bakunan yara sai maiƙo. Hedimasta ya dubi tebur, ya dube ni.

"Malam, ina ganuwar?"

A gida kuwa, maiɗakina ta ce in je tarihi ya ba ni tuwo.

Har yau in na ratsa kasuwa, sai wani ƙato cikin tsofaffin ɗaliban nan ya ɗaga murya: "Malam, yaushe za mu gina ta Kano? An ce ta fi girma!"